Salon zane ne ke raba rukunin wasannin bidiyo, ko yadda ake buga su? Tambayoyi da amsoshi

Musun nan ba ya ƙarewa tsakanin masu buga gem. Wani ya ce shi sam ba ya taɓa "gem ɗin katun", wani ya ce shi "na fiksel" kaɗai yake so, kowa yana magana kamar ya ambaci rukuni guda. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi a kan batun, na amsa su gwargwadon abin da na buga da abin da na sani. Matsayata ita ce rukuni a hannu yake, salon zane kuma a ido. Sai dai akwai wuraren da ido ke ba hannu umarni, kuma a nan ne maganar ta fi daɗi.

Me ake nufi da rukuni, me kuma ake nufi da salon zane?

Rukuni amsa ce ga tambayar "me zan riƙa yi a cikin wasan nan?" Tsalle daga dandamali zuwa dandamali, harbi, tsere da mota, warware wasa ƙwaƙwalwa, jagorantar runduna, ko rainon jarumi har ya yi ƙarfi. Salon zane kuwa amsa ce ga "yaya abin yake a ido?" Ƙananan ɗigo-ɗigon fiksel ne, zanen hannu ne, kamar katun yake, ko an yi ƙoƙarin kwaikwayon hoton kyamara har ana ganin gumi a goshin ɗan wasa.

To, a taƙaice, salon zane yana yanke rukuni?

A'a. PUBG da Fortnite duk sun shahara a 2017 da tsari ɗaya: a zuba mutum ɗari a tsibiri, kowa ya nemi makami, fili yana ta tsukewa, wanda ya rage shi ne gwani. Ɗaya launin ƙasa da kakin soja, ɗaya launuka masu walƙiya kamar katun. Babu wanda ya taɓa raba musu rukuni saboda haka. Babban abin da ya bambanta su a hannu shi ne gina katanga da matakala a Fortnite, kuma wannan doka ce ta wasa.

Akwai hanyar da zan gwada wannan da kaina?

Akwai, kuma ita ce hujjar da na fi so domin ba ta buƙatar dogon surutu. Wasu tsofaffin wasannin da aka sabunta suna da madanni guda da ke sauya hoto tsakanin tsoho da sabo kana cikin wasa. Halo: Combat Evolved Anniversary na 2011 yana da shi, Diablo II: Resurrected na 2021 ma haka. Amma wanda ya fi burge ni shi ne Wonder Boy: The Dragon's Trap na 2017, wanda aka sabunta daga na 1989. Kana tsakiyar tsalle, ka danna madannin, sai zanen hannu mai laushi ya koma ɗigo-ɗigon fiksel na na'urar Master System. Jarumin bai fasa tsallensa ba, a inda zai sauka nan ya sauka, maƙiyin da ke jiransa yana nan bai gusa ba. Ka sake dannawa, zanen hannu ya dawo. Hatta tsofaffin lambobin sirri na ajiye wasa na 1989 suna aiki a sabon.

Duk wanda ya yi wannan sau biyar a jere zai ji a yatsunsa cewa wasan bai motsa daga rukuninsa ba. Abin da ya sauya shi ne yadda zuciya ke karɓarsa, kuma ban raina wannan ba, zan dawo kansa.

Amma ai ana cewa "wasannin fiksel". Wannan ba rukuni ba ne?

Ka jera su ka gani. Papers, Please na 2013, kai jami'in kan iyaka ne kana duba fasfo kana buga hatimi. Undertale na 2015, tafiya da hira da faɗan da za ka iya ƙin yi. Stardew Valley na 2016, noma da kiwo da zumunci da maƙwabta. Celeste na 2018, tsallen hawan dutse wanda za ka faɗi sau ɗaruruwa kafin ka wuce zango guda. Hotline Miami na 2012, zubar da jini cikin gaggawa. Duk na fiksel ne. Wanda ya ji daɗin Stardew Valley aka miƙa masa Hotline Miami da sunan "irinsa ne" an cuce shi. Kama da wane ba ta wane.

Kamfanin Square Enix ma ya nuna haka da salonsa da ya raɗa wa suna HD-2D, wato mutanen fiksel a cikin duniya mai zurfi da hasken zamani. Ya fara da Octopath Traveler a 2018, wasan rainon jarumai da faɗan bi-da-bi, wato ka kai naka harin maƙiyi ya kai nasa, sannan ya sa wa Triangle Strategy irin rigar a 2022, wanda shi kuma dabarun jera mayaƙa ne a filin da aka yanka gida-gida.

Ya batun rukunin roguelike, wanda ya samo suna daga wasan Rogue? Na ji an ce haruffa ne asalinsa.

Wannan tambaya ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne aka taɓa zama aka yi shawara a kan ainihin batun namu.

Rogue ya fito a 1980, lokacin da allon kwamfutocin jami'a ba ya nuna komai sai rubutu. Kai ne alamar @, dodanni kuma manyan haruffa ne. NetHack na 1987 ya gaji wannan: ƙaramin d kare ne ko danginsa, babban D kuwa dodo mai aman wuta, kuma tsohon ɗan wasa gabansa na faɗuwa da ganin wannan harafi guda ya leƙo daga lungu. Shekara da shekaru duk wasan da ke cikin wannan zuri'a da haruffa ake ganinsa, har mutane suka ɗauka haruffan ne rukunin.

A 2008 masu ƙirƙirar irin waɗannan wasanni suka yi taro a Berlin, suka rubuta abubuwan da suke ganin su ne ginshiƙan rukunin. A sahun gaba suka sa kurkukun da kwamfuta ke sake zanawa duk lokacin da aka fara, da mutuwar da ba ta da gyara, wato in ka mutu ka koma farko, da tafiyar bi-da-bi a kan gida-gida. Nuna wasa da haruffa ya shiga jerin, amma a cikin abubuwa masu ƙaramin nauyi. Su da kansu masu abin suka ajiye kamanni a baya.

Abin da ya biyo baya ya gaskata su. Spelunky, The Binding of Isaac, Slay the Spire da Hades na 2020 babu mai harafi ko ɗaya, ga Hades ma da zanen da ke ɗaukar ido. Har yau ana musu ko waɗannan 'ya'yan Rogue ne na halak ko jikoki ne na nesa, amma ka saurari musun da kyau: a kan bi-da-bi ake yinsa, da kan ko ya halatta ka ɗauki wani ƙarfi daga mutuwa zuwa sabuwar rayuwa. Ba a cika jin wanda ya kafa hujja da launi ba. Dwarf Fortress ma, wanda ya yi shekara goma sha shida da haruffa tun 2006, ya fito da hotuna a Steam, shagon sayar da gem na intanet, a Disambar 2022, kuma shi ne dai wasan da aka sani.

In haka ne, me ya sa mutane da yawa ke haɗa su?

Suna da uzuri. Na farko, a da ƙarfin na'ura ne ke yanke duka biyun lokaci guda. Na'urar da ba ta iya nuna zurfi dole wasanninta su zama na gefe ko na kallo daga sama, kuma dole su zama na fiksel. Gashin baki da hular Mario ma daga nan suka samo asali a Donkey Kong na 1981: fiksel ɗin ba su isa a zana baki da gashin kai ba. Wanda ya tashi a wannan zamani, tsalle-tsalle da fiksel tare suka shiga ƙwaƙwalwarsa, da wuya ya raba su.

Na biyu, shagunan intanet. Tun da Steam ya kawo tambarin da masu wasa ke liƙa wa gem a 2014, za ka ga tambarin fiksel da na anime, wato salon katun na Japan, a layi ɗaya da na harbi da na tsere, babu abin da ke nuna maka cewa waɗannan amsar tambaya daban suke bayarwa. Sannan masu talla sun san hoto ake fara gani. In wani wasa ya yi kasuwa, masu bin sawunsa sukan kwaso dokokinsa da kamanninsa gaba ɗaya, don mai saye ya gane da kallo ɗaya.

Idan zane bai canza rukuni ba, me ya sa ake tayar da jijiyar wuya a kansa?

Saboda zane alkawari ne. A bikin Space World na 2000, Nintendo ya nuna ɗan gajeren bidiyo na Link, jarumin wasannin Zelda, a matsayin babba yana karawa da maƙiyinsa Ganondorf da takobi, cikin duhu da kamannin gaske. A 2001 aka nuna wasan da ake yi a zahiri, sai ga yaro mai ƙaton kai da manyan idanu kamar katun. Masoya da yawa suka fusata, suka ce an mayar da Zelda wasan yara. The Wind Waker ya fito a Japan a ƙarshen 2002, kuma da aka riƙe shi a hannu sai ga Zelda cikakke: kurkuku, makullai, sabon makami mai buɗe sabuwar hanya. Twilight Princess na 2006 ya koma duhu da kamannin gaske, rukuni bai gusa ba. Yau in ka ɗora su gefe da gefe, ni a idona na katun ɗin ne bai tsufa ba.

Akwai wani abu ƙarami a Wind Waker da nake ƙauna. Manyan idanun nan da aka yi ta zagi suna da aiki: in ka shiga ɗaki ka rasa abin yi, ka dubi fuskar Link, sai ka ga ƙwayar idonsa ta karkata wajen abin da ya kamata ka lura da shi.

Diablo III ma ya sha irin wannan a 2008, da masoya suka yi ta sa hannu a takardar koke cewa launinsa ya yi haske da yawa. Su ma ba cewa suka yi an canza rukuni ba. Tsoronsu shi ne a raba su da yanayin da suka saba shiga in sun kunna wasan, kuma wannan tsoro ne mai ma'ana.

To komawa daga hoto shimfiɗaɗɗe zuwa mai zurfi fa? Ai wannan ma abin ido ne, kuma ya canza wasanni.

Ya canza su ƙwarai, amma a nan sai an raba abu biyu. Inda aka ajiye kyamara daban, irin fentin da aka shafa daban. Kyamara ce ke yanke abin da ka sani da inda za ka iya zuwa. Da Super Mario 64 ya fito a 1996, Mario ya daina gudu daga hagu zuwa dama kawai, ya koma yawo a fili yana neman taurari, dole aka sake tunanin komai. Resident Evil na 1996 ya kafe kyamara a kusurwar ɗaki, kana jin takun abu ba ka ganinsa. Resident Evil 4 na 2005 ya ɗora ta a kafaɗar jarumi ya ba ka damar auna inda za ka harba, sai wasan ya karkata wajen faɗa. Shi ya sa sunan wasu rukunai ke ɗauke da matsayin kyamara, kamar harbi ta idon ɗan wasa, wanda Doom na 1993 ya yayata. Da Metroid Prime ya koma kallon ta ido a 2002, Nintendo ya dage cewa wasan bincike ne, domin abin da kake yi bai sauya daga na Super Metroid ba: yawo, samun sabon iko, komawa ƙofar da ta gagare ka ɗazu.

Akwai inda zanen kansa yake zama dokar wasa?

Akwai, kuma masu cewa zane "riga ce kawai" a nan suke tuntuɓe.

Ɗauki Cuphead na 2017. An zana shi da hannu a kan takarda, irin katun ɗin Amurka na shekarun 1930. A rukuni, gudu da harbi ne irin na Contra na 1987, kuma mai wuyar gaske. Da yawa sun yi masa kallon kitse suka tarar da rogo. Amma ka lura da launin ruwan hoda a cikinsa. Bos, wato babban maƙiyi, yana watso maka harsasai, yawancinsu sai dai ka kauce, amma duk wanda yake ruwan hoda kana iya yin tsalle ka mare shi, ka cika ma'aunin babban harinka. Bayan awa biyu idonka ya daina kallon kyan zanen, farautar ruwan hoda yake yi a cikin hargitsi. Launin ya zama umarni.

Team Fortress 2 na 2007 an fara nuna shi a 1999 da kamannin sojan gaske, daga baya kamfanin Valve ya koma salon zane mai ƙarin gishiri. Mayaƙa iri tara ne, kuma an ƙera kowannensu yadda ko inuwarsa ka hango daga nesa za ka san wane ne, ka san ko ka tunkare shi ko ka gudu. A Splatoon na 2015 tawadar da ka fesa a ƙasa ita ce makinka, ita ce hanyarka, a cikinta kake ɓuya, a cikinta kake cika tankinka. A Okami na 2006, wanda aka yi da salon zanen tawada na Japan, kana tsayar da duniya ka ja layi da buroshi a kan maƙiyi sai ya tsage, ka zana da'ira a sama sai rana ta fito.

Duk da haka Cuphead na harbi ne, Splatoon na harbi ne, Okami kuma ɗan'uwan Zelda ne. Zanen ya shiga cikin dokokin ya zauna daram, amma bai ɗauke su ya kai wani rukuni ba.

Wasannin ban tsoro fa? Ai su da yanayi aka san su.

Nan ne matsayata ta fi rauni, kuma na yarda. Ban tsoro suna ne na abin da kake ji, shi ya sa hoto da sauti suke da babban rabo a cikinsa. Hazon Silent Hill na 1999 ya samo asali ne daga gazawar PlayStation wajen nuna nesa, sai masu yin wasan suka mayar da gazawar makami: ba ka ganin taku goma a gabanka, rediyon aljihunka kawai ke ƙara in abu ya matso. Ka yaye hazon, rabin tsoron ya tafi.

Amma ko a nan ba salo guda ne ke da rukunin ba. Ana tsorata mutane da fiksel, ana tsorata su da kamannin gaske, Limbo na 2010 ya yi da baƙi da fari kawai. Doki Doki Literature Club na 2017 ma da zanen anime mai fara'a ya yi, da gangan, don ka saki jiki. Ya ci nasara ne saboda ya san mutane suna karanta rukuni daga zane.

JRPG, wato wasannin rainon jarumai irin na Japan, da wasannin faɗa "na anime" fa? Sunan ma ai ya nuna kamanni.

Sunan ya nuna, amma ka bi yadda ake amfani da shi. Dragon Quest na 1986, wanda Akira Toriyama ya zana mutanensa, da Final Fantasy na 1987 su suka kafa tsarin: tawagar jarumai, labari mai layi guda, faɗa ta zaɓen umarni. Dark Souls na 2011 a Japan aka yi shi, amma da wuya ka ji an sa shi a wannan layi. Clair Obscur: Expedition 33 na 2025 a Faransa aka yi shi, babu anime a fuskarsa, amma duk wanda ya buga faɗansa na bi-da-bi ya san gidan da ya fito. Genshin Impact na 2020 kuwa daga Sin yake, anime ne tun daga sama har ƙasa, amma faɗansa na nan-take ne a buɗaɗɗiyar duniya.

A wasannin faɗa ma, in gwanaye suka ce wasa "na anime" ne irin Guilty Gear, abin da suke nufi shi ne zabura a cikin iska da dogayen jerin duka. Sunan daga zane ya fito, ma'anar ta koma hannu.

Mario Kart da Gran Turismo, ba zane ne ya raba su ba?

A'a. Ka sa wa Gran Turismo fentin katun, har yanzu sai ka taka birki kafin kwana ko ka sha bango. Ka sa wa Mario Kart motocin gaske, har yanzu wani zai jefe ka da ƙoƙon kunkuru dab da layin ƙarshe.

Su masu yin wasannin da wanne suke farawa?

Sau da yawa da dokoki. Akan gina zango da akwatuna masu ruwan toka, a yi ta gwadawa har tsalle da harbi su yi daɗi, sannan masu zane su shigo. Splatoon ya fara ne da wasu akwatuna, fari da baƙi, suna fesa wa juna tawada. An gwada zomaye kafin a tsaya a kan yaran da ke rikiɗa su koma dabbar teku. Borderlands na 2009 ya yi nisa da kamannin gaske, sai daga baya aka juya shi zuwa zane mai kaurin layi kamar littafin barkwanci, harbin da tara bindigogin suna nan yadda suke. Wani lokaci kuma akasin haka ake yi: Cuphead daga ƙaunar tsohon katun ya tsiro tare da ƙaunar tsofaffin wasannin harbi, ba za ka ce ga wanda ya riga wani ba.

Ina son sayen sabon gem. Me zan duba don kada hoto ya ruɗe ni?

Ka bar bidiyon talla, ka nemi na wani yana bugawa, minti biyar ba yanka. Ka kalli abin da yake maimaitawa: me yake yi kowane daƙiƙa goma, me ke faruwa in ya mutu, wasan yana jiransa ya yi tunani ko yana tura shi. A jerin tambarin shago, ka ware masu faɗin aiki, kamar harbi, noma, dabara, daga masu faɗin kamanni. In akwai gwajin kyauta ka sauke, kuma a Steam ana iya mayar da wasa cikin kwana 14 muddin ba ka buga shi ya kai awa 2 ba. Bayan nan sai ka dubi zanen ka tambayi kanka ko za ka iya zama da shi awa talatin, domin wasan da ya dace da hannunka amma idonka ya ƙi shi, da wuya ka kai ƙarshensa.